Iliya Mecinikof, Wanda Ya Gano Dakarun Jiki

An haifi Iliya Mecinikof a shekarar 1845, a wani ƙauye kusa da birnin Harkof, wanda a zamanin nan yake ƙarƙashin Sarkin Rasha, yanzu kuwa cikin ƙasar Yukren yake. Tun yana yaro ba abin da ya fi so kamar duba ƙwari da tsutsotsi. Kaifin ƙwaƙwalwarsa ya kai har karatun jami'a na shekara huɗu ya gama shi cikin biyu. Daga baya ya zama malami a jami'ar Odesa.

Amma duniya ba ta bar shi ya huta ba. Matarsa ta fari ta kamu da tarin fuka, ta rasu a 1873, baƙin ciki ya kusa halaka shi. A 1882 ya bar aikin jami'a, ya kwashe iyalinsa zuwa Mesina, wani gari na bakin teku a ƙasar Italiya.

A cikin tekun akwai wata halitta mai yatsu biyar, siffarta kamar tauraro. 'Ya'yanta ƙanana ne ƙwarai, jikinsu garau kamar ruwa, ana ganin abin da ke ciki da madubin likita. Mecinikof ya lura da waɗansu ƙwayoyin halitta suna yawo cikin jikin, suna haɗiye abin da suka tarar. Wata rana iyalinsa sun tafi kallon wasa, shi kaɗai a gida, sai tunani ya zo masa, ko waɗannan masu yawo su ne masu tsaron jiki? Ya fita lambu, ya tsinko ƙayar furen wardi, ya soka wa ɗaya daga cikin 'ya'yan. Gari na wayewa ya duba, sai ga ƙwayoyin sun taru sun kewaye ƙayar.

To, duk yaron da ya taɓa taka ƙaya a gonar auduga ta Funtuwa ya san abin da ke biyo baya. Wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya tara mugunya. Likitocin dā sun ɗauka kumburin nan ɓarna ce kawai. Mecinikof ya nuna yaƙi ne jiki ke yi, mugunya kuwa galibinta gawawwakin dakaru ne. Manya daga cikin dakarun ya raɗa musu suna makurofaj, watau babban maci, don suna haɗiye ƙwayoyin cuta su narkar da su.

Manyan likitocin Jamus ba su yarda ba. Su a ganinsu ruwan jini ne ke kashe cuta. Aka yi shekaru ana ta gardama, shi kuwa mutum ne mai zafin rai, ba ya barin magana ta wuce bai amsa ba. A 1888 ya koma Faris, inda Luwi Fasto ya ba shi ɗakin bincike. Ashe kowane ɓangare yana da rabin gaskiya, shi ya sa a 1908 aka raba kyautar Nobel tsakaninsa da wani Bajamushe, Paul Ehrlich. Da ya manyanta ya riƙa shan nono mai tsami kullum, don ya gaskata yana ƙara tsawon rai. Ya rasu a Faris a 1916.

Akwai abin da bai kai ga sani ba, watau wa ke ba dakarun nan umurni. Sai bayan mutuwarsa aka gano ƙwayoyin jiki suna aika wa juna saƙo da waɗansu sinadarai ƙanana da ake kira saitokin. An gano ɗaya, intaferon, a 1957. Wani saƙon kamar gangar yaƙi yake, in makurofaj ya ji shi sai ya ƙara zafi, ya kashe abokan gaba, ya kira 'yan'uwansa. Wani kuma na sulhu ne, yana sa shi ya share wurin, ya taimaka rauni ya warke.

Wahala tana zuwa in abokin gaba ya ƙi mutuwa. Sa'an nan gangar yaƙi ba ta yin shiru, dakaru su yi ta taruwa wata da watanni, har su lalata naman da suka zo tsarewa. Haka tarin fuka ke cin huhu, cutar da ta kashe matar Mecinikof ke nan. Haka kuma tsagiya, wadda yara ke ɗauka wajen wanka a kududdufi mai katantanwa. Ƙwan tsutsar yana maƙalewa a jikin mafitsara, ya fi ƙarfin haɗiya, sai makurofaj su kewaye shi kamar yadda suka kewaye ƙayar nan ta Mesina, wurin ya yi tabo, yaro ya riƙa fitsarin jini. A shekarun 1970 likitoci daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da na birnin Libaful a Ingila sun zauna a ƙasar Malumfashi suna binciken wannan cuta cikin ƙauyuka. Maganinta a yau ƙwaya ce mai suna furazikwantel, wadda ke kashe tsutsar, ƙwai ya daina ƙaruwa, kumburin ya fara sauka.