Shehu Abdullahi Gwandu: Malamin Da Ya Fi Ƙarfin Zuciyarsa

An haifi Abdullahi ɗan Fodiyo a wajajen shekarar 1766, yana bin Shehu Usmanu da kimanin shekara 12. Ya sauke Alƙur'ani a gaban mahaifinsu, Malam Muhammadu Fodiyo, yana da shekara 13 kuma aka danƙa shi ga yayansa. Daga nan ya lizimci Shehu a zaune da tafiye, ya kuma ɗebi ilimi wurin wasu malamai, cikinsu har da Malam Jibrilu ɗan Umar. Da girma ya zo masa, sai ya rubuta littafin Ida'un Nusukhi, ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu da abin da ya karɓa daga kowannensu. Mu da ɗalibinmu kan dawo daga jami'a ya kasa durƙusawa ya gaida malamin allon da ya fara ɗora shi a kan baƙi da wasali, wannan ya isa ya tsayar da mu.

Da aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, shi ne ya fara yi wa Shehu mubaya'a, shi ne kuma ya jagoranci rundunar jama'a a Tabkin Kwatto cikin wannan shekarar, inda Allah Ya ba su nasara a kan Gobirawa.

Sai dai nasara ma jarrabawa ce. Da ƙasashe suka fara buɗuwa, ya lura mafi yawan abokan gwagwarmayarsa na ƙwarai sun yi shahada, waɗansu daga cikin waɗanda suka rage kuwa hankalinsu ya karkata ga dawaki da tufafi da sarauta. Abin ya dame shi ƙwarai. A 1807, ana kan hanyar yaƙin Alƙalawa, ya bar runduna ya fuskanci gabas da niyyar ya ƙare rayuwarsa a Ƙasa Mai Tsarki. Tafiyar ta kawo shi Kano a zamanin Sarki Sulaimanu. Jama'ar Kano suka riƙe shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Ya zauna ya rubuta musu Diya'ul Hukkami, ya karantar da su tafsirin Alƙur'ani, har aka farfasa kayan kiɗa aka mayar da kwangon ganguna mazubin abincin dawaki. Daga bisani ya haƙura da tafiyar ya koma wurin yayansa.

A nan ya kamata mu daɗe. Mutum ne da ya gaji da halin mutanensa, ya ga mafita ita ce ya nisance su, kuma niyyarsa ta alheri ce, domin Makka da Madina ya nufa. Amma da ya tarar da masu buƙatar iliminsa, sai ya ajiye abin da ransa yake so, ya ɗauki abin da ya fi amfanar jama'a. Irin wannan gajiya ba baƙuwa ba ce a garuruwanmu na ƙasar Kunci. Limamin da ya shekara yana wa'azi a kan tauye mudu, ya shiga kasuwa ya ga ba a daina ba, yakan ji kamar ya yi shiru. Malamar Islamiyya da iyaye ke janye mata ɗalibai da zarar damina ta kankama, takan ji kamar ta rufe aji. Manomin da ya shuka gero bai fita ba, ba ya barin gona fako, sai ya jira wani ruwan ya sake shuka. Haka Abdullahi ya yi da Kano, haka kuma ya yi da jama'ar da ya baro.

Jarrabawa ta biyu ta fi ta farko zafi, don ta shafi gida. Tun 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa, yamma a hannun Abdullahi, gabas a hannun ɗansa Muhammadu Bello. Da Shehu ya rasu a 1817, aka yi wa Bello mubaya'a a Sakkwato kafin Abdullahi ya iso. Ga shi ƙanen Shehu, wazirinsa, malami kuma ga shi Bellon, amma bai tara runduna don neman abin da wasu ke ganin haƙƙinsa ne ba. Ya koma Gwandu ya ci gaba da karantarwa. Bayan 'yan shekaru tawayen Kalambaina ya tsananta a kansa, Bello ya kawo masa ɗauki. Masana tarihi sun ruwaito cewa da suka haɗu, Bello ya yunƙura zai sauka daga doki don girmama baffansa, sai Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi da gaisuwar Sarkin Musulmi. Ɗan ya kiyaye girman uba, uban ya kiyaye haƙƙin shugabanci, daula ta tsira daga rabuwa.

Mu dubi gidajenmu. Gonar gandu da ake rabawa bayan rasuwar maigida ta raba 'yan'uwa da yawa, har wa da ƙane su shekara ba sa gaisawa a kan kunya biyu ta iyaka. Limancin masallacin unguwa ya raba sahu a wurare da dama. Abin da Abdullahi ya haƙura da shi ya fi gona da limanci nesa ba kusa ba, kuma haƙurin bai rage masa daraja ba.

Duk da yaƙi da ɗawainiyar mulki, alƙalaminsa bai bushe ba. Ya rubuta tafsirin Diya'ut Ta'awili, sannan ya yi wani taƙaitacce, Kifayatu Du'afa'is Sudan, saboda masu ƙaramin ƙarfi a karatu. Ya bar littattafai a nahawu da sarfu da fiƙihu waɗanda har yau ake karanta su a zaurukan malamanmu. Ɗalibin da ke cewa aikin gona ya hana shi bita, ya tuna a wane hali aka rubuta waɗannan.

Ya rasu a 1829, kabarinsa yana Gwandu. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya ba mu ikon rinjayar zukatanmu a lokacin fushi da lokacin gajiya, amin.