Nana Asma'u 'Yar Shehu, Uwar 'Yan Taru

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu waiwayi tarihin Nana Asma'u, 'yar Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya gafarta musu.

An haife ta a Ɗegel wajen shekarar 1793, ita da tagwaininta Hassan. Tana yarinya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, saboda haka cikin wahalar yaƙi ta yi karatunta. Ta haddace Alƙur'ani, ta ƙware a Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma riƙi ɗariƙar Ƙadiriyya kamar mahaifinta. Ta auri Gidado ɗan Laima, wanda ya zama Wazirin yayanta, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

A 1820 ta wallafa Tanbihul Gafilina. Daga baya ta tsara waƙa a kan mata salihai, inda ta jera sunan Rabi'atul Adawiyya tare da na malamai mata na ƙasar nan, domin matanmu su san cewa ƙofar kusantar Allah a buɗe take gare su.

Amma babban aikinta shi ne 'Yan Taru. Ta lura cewa matan ƙauye suna cikin duhun jahilci, bori kuwa ya riƙe da yawa daga cikinsu, ga shi matan aure ba su iya barin ɗakunansu su zo Sakkwato. Sai ta zaɓi dattijai mata masu amana, ta naɗa wa kowacce malfa da jan rawani, aka kira ta jaji. Jaji takan jagoranci tsofaffi da 'yan mata su zo wurinta a ƙasa, su ɗauki karatu a waƙe, su koma su biya wa waɗanda ke gida. Ta haka tauhidi da tsarki da salla da zikiri da tarihin Manzon Allah suka shiga har bakin murhu. Sadakar da suka kawo mata kuwa, mabukata take raba wa.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da aikin.

To, jama'a, daga Minanata zuwa Hubbare ba wata tafiya ba ce, kuma da yawanmu mukan kai ziyara. Amma wace riba maigida ya samu idan ya ziyarci kabarinta, alhali matarsa ba ta san farillan alwala ba, 'yarsa kuma tana yawon talla a lokacin makaranta? Shehu da kansa ya zargi malaman da ke karantar da almajirai su bar iyalinsu cikin jahilci. Wanda yake ƙaunar Nana Asma'u da gaske, to, ya fara da gidansa.

Allah ya jiƙanta, ya sa mu yi koyi da ita, amin.