Michael Imoudu: Ma'aikacin reluwe da ya tsayar da jiragen ƙasan Najeriya cak

Lokacin da layin dogo ya iso Kano a 1911, babban burin Turawan mulkin mallaka shi ne kwasar auduga da gyaɗa da fatu zuwa bakin teku. Sai dai dogon ya haɗa ma'aikata daga ƙabilu daban-daban a ƙarƙashin ubangida guda, da albashi maras auki iri ɗaya. Michael Imoudu ne ya mayar da wannan haɗuwa ƙarfin da gwamnati ta kasa kau da kai daga gare shi.

An haife shi a 1902 a yankin Afemai da ke Jihar Edo ta yanzu. Ya kama aiki da reluwe a Legas a ƙarshen shekarun 1920, inda ya koyi sarrafa ƙarfe da inji. Bayan dokar 1938 ta halatta ƙungiyoyin ƙwadago, ƙungiyar ma'aikatan reluwe da yake jagoranta ce ta fara samun rajista.

Yaƙin Duniya na Biyu ya sa kayan masarufi sun yi tashin gwauron zabo. A 1941 Imoudu ya ja ma'aikata a ƙafa har gidan Gwamna Bernard Bourdillon, kuma a shekarar da ta biyo baya aka fara biyan alawus ɗin tsadar rayuwa. Wannan ya ja masa kora daga aiki a 1943, aka kuma tsare shi, daga baya aka killace shi a Auchi.

Da aka sako shi a 1945, wasu shugabannin ƙwadago sun so a ɗage yajin aikin gama-gari da aka shirya, amma ya ƙi. Ranar 22 ga Yuni jiragen ƙasa suka tsaya, ma'aikatan tashar jiragen ruwa da na gidan waya suka bi sahu. Yajin ya bi dogo har Zariya da Inugu, ya kwashe kwana 44 a Legas, yayin da 'yan kasuwa mata suka riƙa tallafa wa masu yajin. A 1946 kwamitin Tudor Davies ya amince a ƙara alawus ɗin. Wannan ne karon farko da talakawan Kudu da Arewa suka tunkari Turawa da murya ɗaya a kan buƙata guda.

Imoudu yana cikin jagororin yajin aikin 1964. A Jamhuriya ta Biyu ya shiga PRP ta Malam Aminu Kano, kuma da jam'iyyar ta dare gida biyu, shi ya shugabanci ɓangaren Abubakar Rimi da Balarabe Musa, wato 'yan Santsi.

Ya rasu a 2005 yana da shekara 102. Cibiyar nazarin harkokin ƙwadago ta ƙasa da ke Ilorin tana ɗauke da sunansa, kuma har gobe 'yan ƙwadago na kiransa jagoransu na farko.