Emily Hobhouse, matar da ta tona asirin sansanonin Birtaniya a Afirka ta Kudu

A ƙarshen watan Oktoban 1901 wani jirgin ruwa daga Ingila ya isa tashar Cape Town, amma sojojin Birtaniya suka hana wata fasinja sauka. Bayan 'yan kwanaki aka ɗauke ta da ƙarfin tsiya, aka saka ta a wani jirgin, aka mayar da ita inda ta fito.

Matar dai ita ce Emily Hobhouse, mai shekara 41, laifinta kuwa shi ne ta sanar da jama'ar Birtaniya yadda mata da yara ke mutuwa a sansanonin da sojojin ƙasarsu suka kafa.

An haife ta ranar 9 ga Afrilun 1860 a ƙauyen St Ive da ke yankin Cornwall. Mahaifinta limamin cocin Angilika ne. Tana da shekara 20 mahaifiyarta ta rasu, ita kuma ta zauna jinyar mahaifin har ya mutu a 1895. Daga nan ta tafi aikin jin ƙai a jihar Minnesota ta Amurka, ta koma gida a 1898.

A shekarar da ta biyo baya ne yaƙi ya ɓarke tsakanin Birtaniya da Boer, wato Turawa manoma, galibi jikokin 'yan Holland, masu mulkin Transvaal da Orange Free State. Da aka ƙwace manyan biranensu a 1900, sai suka koma yaƙin sari-ka-noƙe. Sojojin Birtaniya kuma suka shiga ƙone gonaki da kashe dabbobi, suna kwashe iyalai zuwa sansanoni. Lord Kitchener, wanda ya ci Omdurman ta Sudan da yaƙi a 1898, shi ya faɗaɗa wannan tsari.

A Landan, gwamnati na kiran wuraren sansanonin 'yan gudun hijira, tana cewa mutane ne ke zuwa da kansu neman mafaka. Sojoji ne kuma ke tace labaran da ke fita daga fagen fama.

Emily ta tara gudummawa, ta isa sansanin Bloemfontein a watan Janairun 1901 da taragon jirgin ƙasa guda na kayan agaji. Ta tarar da mutane kusan 2,000 cunkushe cikin tantuna a tsakiyar zafin rana. Ruwa bai wadata ba, babu itacen tafasa ɗan wanda ake samu, sabulu ma hukuma ta ɗauke shi kayan alatu. Iyalan da mazajensu ke ci gaba da yaƙi ana rage musu abinci. Ƙyanda da taifot da atini na ta ɗibar yara.

Ta zagaya wasu sansanonin, ciki har da na Springfontein da Kimberley da Mafeking, tana rubuta abin da ta gani. Da ta koma Ingila ta gana da sakataren yaƙi, St John Brodrick, sannan ta wallafa rahotonta a watan Yuni. Shugaban 'yan adawa na jam'iyyar Liberal, Henry Campbell-Bannerman, ya saurare ta, ya fito fili ya kwatanta salon yaƙin da dabbanci.

Jaridu masu goyon bayan yaƙin suka yi mata ca, suna zarginta da cin amanar ƙasa, aka kuma hana ta zaurukan taro a garuruwa da dama. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike na mata ƙarƙashin Millicent Fawcett, wadda ke goyon bayan yaƙin, ba a kuwa sa Emily a ciki ba. Sai ga shi kwamitin ya tabbatar da akasarin abin da ta faɗa. A watan Oktoban da aka kore ta daga Cape Town kaɗai, sama da mutum 3,000 suka mutu a sansanonin Boer. Da aka ƙara abinci da ma'aikatan jinya, mace-macen suka ragu ƙwarai cikin 'yan watanni, abin da ya nuna tun farko ana iya kauce musu.

Kafin yaƙin ya ƙare a watan Mayun 1902, Boer kusan 28,000 sun mutu a tsare, fiye da 22,000 daga cikinsu yara ne. Babu wanda aka gurfanar saboda sansanonin. Kitchener ma ƙarin girma ya samu, majalisa ta ba shi kyautar fam 50,000.

Akwai kuma sansanoni fiye da 60 na baƙaƙen fata, inda aka tsare mutane sama da 100,000. Kwamitin Fawcett bai leƙa ko guda ba, rahoton Emily ma bai ba su wani muhimmanci ba. Mamatan da aka rubuta sun haura 14,000, masana tarihi kuma na ganin sun kai aƙalla 20,000. A 1913, a jawabin da aka karanta a madadinta wurin buɗe hasumiyar tunawa da matan Boer a Bloemfontein, ta tuna wa mahalarta cewa dubban baƙaƙe ma sun halaka a sansanoni.

Ta sake ɓata wa gwamnatinta rai a 1916, lokacin da ta je Jamus ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ta ziyarci 'yan Birtaniya da ke tsare a sansanin Ruhleben, tana neman a yi musayar fursunoni. Bayan yaƙin ta jagoranci ciyar da dubban yara a birnin Leipzig.

Ta rasu a Landan ranar 8 ga Yunin 1926. An ƙona gawarta, aka kai tokar Bloemfontein aka binne a gindin hasumiyar, a gaban dubban mutane. Daga baya gwamnatin wariyar launin fata ta sa wa wani jirgin yaƙi mai tafiya a ƙarƙashin teku sunan matar da ta ƙi jinin yaƙi, kafin a sauya masa suna zuwa Umkhonto bayan faɗuwar wannan mulki.