Tunawa da Magabata: Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, wanda ya kwanta a Burmi

Jama'a, a wannan makon mun waiwayi Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu ɗan Atiku, tattaɓa-kunnen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya hau gadon sarauta a Sakkwato a watan Oktoba 1902, bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abdurrahman. Bai yi wata shida a kai ba. Kano ta faɗa hannun Turawan Ingila a Fabrairu 1903, ranar 15 ga Maris kuma aka gwabza a filin Giginya, bindigar Bature ta fi ƙarfin mashi da takobi.

Attahiru ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya kama hanyar gabas da niyyar hijira zuwa Makka. A nan ne gidaje suka tsage biyu. Waziri Buhari ya koma Sakkwato domin kada a bar talakawa ba jagora, Lugga kuma ya naɗa wani Attahirun, ɗan Aliyu Babba, daga zuriyar Shehun dai. Dubban mutane suka bar gonakinsu ana dab da damina suka bi Sarki: wa ya tafi, ƙane ya tsaya; uwa ta ɗauki na goye, ta bar manyan wurin kaka.

A Burmi, kusa da Bajoga cikin jihar Gombe ta yau, aka tare su. Ranar 27 ga Yuli 1903 aka kashe Attahiru tare da mutane fiye da 600. Manjo Marsh, wanda ya jagoranci sojojin Turawa, shi ma a nan ya mutu. Wata uwa a Ingila ita ma ta samu nata saƙon.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne waɗanda aka bari. Gawar Sarki ba ta koma Sakkwato ba, a Burmi kabarinsa yake. Talakan da ya faɗi kusa da shi kuwa, wa zai kai wa matarsa labari a Kano ko Katagum? Wata ba ta san ko takaba za ta shiga ba, ko jira za ta ci gaba da yi.

Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya tattara sauran jama'a, marayu da zawarawa a cikinsu, suka ratsa ƙasar Chadi har Sudan. Suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sennar, garin da har yau ake kira Mai Wurno. Jikokinsu suna can, da yawansu ba su taɓa ganin Sakkwato ba, balle kabarin kakansu.

Mu 'yan zango, da kakanninmu suka zo fataucin goro suka zauna, mun san yadda sunan garin asali yake zama a bakin tsoho har ya mutu bai koma ba. Namu ciniki ya kawo su. Na Mai Wurno da makoki suka isa.

Allah ya jiƙan Sarkin Musulmi Attahiru da duk waɗanda suka kwanta a Burmi.