Pierre Mendès France: Ɗan majalisar da ya ƙi bin Janar de Gaulle

Watanni bakwai da 'yan kwanaki kacal Pierre Mendès France ya yi yana shugabancin gwamnatin Faransa, wato daga watan Yunin 1954 zuwa Fabrairun 1955. Mafi yawan rayuwarsa ta siyasa a wajen gwamnati ya yi ta, yana tuhumar masu mulki a kan yaƙe-yaƙen da suke yi a ƙetare, daga baya kuma a kan yadda suke amfani da ƙuri'ar raba gardama don tsallake majalisa.

An haife shi a birnin Paris ranar 11 ga Janairun 1907, cikin wani gidan Yahudawa da asalinsu ya fito daga Portugal. Ya karanta shari'a, ya zama lauya, kuma a 1932 mutanen Louviers suka zaɓe shi ɗan majalisar dokoki a ƙarƙashin jam'iyyar Radical. Shekarunsa 25 a lokacin, shi ne mafi ƙuruciya a zauren. Tun a 1936 halinsa ya fara bayyana, domin shi kaɗai ne ya jefa ƙuri'ar ƙin ware kuɗin tura 'yan wasan Faransa gasar Olympics ta Berlin, wadda gwamnatin Hitler ta shirya.

Da Jamus ta mamaye Faransa a 1940, ya shiga jirgin ruwan Massilia zuwa Maroko da niyyar ci gaba da yaƙi daga can. Gwamnatin Vichy ta kama shi, ta yanke masa ɗaurin shekaru shida bisa zargin gudu daga aikin soja. Ya tsere daga hannunsu a Yunin 1941, ya isa Landan, ya shiga rundunar sojan sama ta Faransawan da ke bin Janar de Gaulle. Janar ɗin ne ya ba shi kula da harkokin kuɗi a 1943, sannan ya naɗa shi ministan tattalin arziki. Amma a Afrilun 1945 ya ajiye aikin, saboda an ƙi tsauraran matakan da ya nema don daƙile hauhawar farashi.

Batun Indochina ne ya ɗaga sunansa. Bayan kayen da sojojin Faransa suka sha a Cao Bang cikin Oktoban 1950, ya miƙe a majalisa ya shaida wa gwamnati cewa hanya biyu ce kawai ta rage: ko dai a ninka yawan sojoji, a gaya wa jama'a gaskiyar harajin da za su biya da jinin da za a zubar, ko kuwa a zauna a tattauna da Ho Chi Minh. Gwamnatocin wancan zamani ba su zaɓi ko ɗaya ba, suna yaƙin ne rabi da rabi. Shekaru kusan huɗu ya yi yana nanata wannan magana, ana kallonsa a matsayin mai karya wa sojoji gwiwa, har sansanin Dien Bien Phu ya faɗi ranar 7 ga Mayun 1954.

A nan ne majalisar ta juyo gare shi, ta amince da shi da ƙuri'u 419. Ya ɗaure kansa da alkawarin da ba a saba ji ba: idan ba a tsagaita wuta zuwa 20 ga Yuli ba, zai sauka. Ya haɗa muƙamin ministan harkokin waje da nasa, ya tafi Geneva da kansa, aka kuma cimma yarjejeniyar da ta raba Vietnam gida biyu. Kwanaki goma bayan haka ya sauka a Tunisiya, ya yi shelar ba ƙasar 'yancin tafiyar da harkokinta na cikin gida. A ƙarshen Agusta ya gabatar wa majalisa shirin kafa rundunar tsaron Turai ba tare da ya tsaya masa ba, majalisar ta yi watsi da shi, masu goyon bayan haɗewar Turai kuwa ba su taɓa yafe masa ba.

A kan Aljeriya dai idonsa bai yi gani mai nisa kamar yadda ya yi a Indochina ba. Da yaƙi ya ɓarke ranar 1 ga Nuwamban 1954, matsayin gwamnatinsa shi ne Aljeriya wani yanki ne na Faransa, aka kuma ƙara tura sojoji. Duk da haka 'yan gyare-gyaren da ya so yi wa Musulmin ƙasar sun ishi wakilan Turawa 'yan kaka-gida su haɗa baki da abokan gabansa, suka kayar da gwamnatin ranar 5 ga Fabrairun 1955. Ya shiga gwamnatin Guy Mollet a 1956, ya fice cikin watan Mayu saboda yadda take murƙushe Aljeriyawa.

Gwaji mafi tsanani ya zo masa a 1958. Sojoji da Turawan birnin Aljiyas sun yi bore, aka fara fargabar juyin mulki, majalisa kuma ta miƙa wa de Gaulle ragama ranar 1 ga Yuni da ƙuri'u 329 a kan 224. Mendès France na cikin masu ƙi, ko da yake yana girmama tsohon jagoransa ƙwarai. Hujjarsa ita ce, ƙuri'ar da aka jefa bisa tsoron bindiga ba ƙuri'ar 'yanci ba ce. Da aka kira ƙuri'ar raba gardama kan sabon kundin tsarin mulki ranar 28 ga Satumba, ya yi kira da a ce a'a, domin a ganinsa kundin ya tara iko a hannun mutum guda, tambayar kuma ta koma ta son de Gaulle ko ƙinsa. Kusan kashi 80 cikin ɗari na masu zaɓe a Faransa suka ce e.

Wannan ƙuri'a ita ce aka kaɗa a Nijar ma, sai dai a can ma'anarta daban ce: ko shiga tarayya da Faransa, ko 'yancin kai nan take tare da yanke taimako. Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba sun nemi a ce a'a, aka kayar da su, ya kuma rasa mulki. Gini ce kaɗai ta ce a'a. Shi ma Mendès France ya biya nasa farashin, domin a zaɓen Nuwamba ya rasa kujerar Louviers.

A 1962 de Gaulle ya sake kiran wata ƙuri'ar, don jama'a su riƙa zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye. Ya bi ta sashe na 11 na kundin, ya kauce wa sashe na 89 wanda ya tanadi amincewar majalisu biyu kafin a yi gyara. Majalisar dokoki ta mayar da martani da kayar da gwamnatin Georges Pompidou, de Gaulle ya rusa ta, ya kuma ci ƙuri'ar da kashi 62 cikin ɗari. Mendès France ya soki matakin daga wajen majalisa, ya kuma ƙi tsayawa takarar shugaban ƙasa a 1965 a ƙarƙashin tsarin da bai yarda da shi ba. Wannan tsayuwa ta kare masa mutunci, amma ta bar wa François Mitterrand jagorancin 'yan adawa. Mitterrand ya soki tsarin kamar yadda shi ya soka, amma ya shiga takara a cikinsa, ya kuma ci a 1981.

Ya koma majalisa daga Grenoble a 1967, ya sake faɗuwa a 1968 da ratar ƙuri'u 132. Shekarunsa na ƙarshe ya ba da su ga neman sulhu a Gabas ta Tsakiya. A 1976 ya taimaka wajen haɗa wasu 'yan Isra'ila masu neman zaman lafiya da wakilin ƙungiyar PLO, Issam Sartawi, a birnin Paris. A Yulin 1982, lokacin da sojojin Isra'ila suka yi wa Beirut ƙawanya, shi da Nahum Goldmann da Philip Klutznick suka fitar da sanarwar neman a janye ƙawanyar, Isra'ila da Falasɗinawa kuma su amince da juna.

Ya mutu a gidansa da ke Paris ranar 18 ga Oktoban 1982, yana da shekaru 75.