Ibnu Battuta a Tsibirin Sarandib

An haifi Muhammadu Ibnu Battuta a Tanja, ƙasar Maroko, a 1304. Ya fita aikin Hajji a 1325, bai komo gida ba sai 1349. A 1344 ya sauka Sarandib, wato Siri Lanka. Sarkin da ya tarar ba Musulmi ba ne, amma ya karrama shi, ya ce ya roƙi abin da yake so. Bai roƙi kome ba sai ziyarar dutsen da ake cewa sawun Annabi Adamu, Alaihis Salamu, yana bisansa. Sarki ya haɗa shi da 'yan rakiya, ya hau yana riƙe da sarƙoƙin ƙarfe. Ya rasu wajen 1369. Allah ya jiƙansa, amin.